Gaisuwar da Garabasa Ta Gutsure

A Tudun Wadar Gusau masu suna Saude suna da yawa, amma in aka ce Saude mai ƙafa, ɗaya ce. 'Yar Nahuce ce, ɗiyar manomi. An kai ta aure Bungudu, mijinta Mas'udu ya biyo buhunan gero zuwa kasuwar hatsi ta Gusau, ita kuma ta biyo shi. Da ya rasu ta zauna a gidan da ya bari, tana dafa kalwa tana sayar da daddawa. Da daddawa take ci, amma sunan nan ƙafarta ce ta samo mata.

Kowane dangi akwai mutum guda da ake ɗora wa kai labari. A nasu dangin Saude ce. In an haihu, in an sa rana, in an yi rashi, ita ake fara aika wa, ta ƙulle goro ko alawa a bakin zane ta nufi tasha. Yau tana Tsafe, gobe Bungudu, jibi Nahuce. Ta san wanda ya kamata ya fara ji da wanda zai yi fushi in aka sa shi a baya. Kuma ba ta taɓa faɗin abin da ya kawo ta sai gaisuwa ta kai ƙarshe: kwana, gajiya, ruwa, yara kowa da sunansa, har akuyar da ta yi ɓari bara. Mutane kan ce ko gobara Saude ta zo faɗa, sai ta tambayi lafiyar kaji tukuna. Dariya suke yi, amma babu gidan da ba a shimfiɗa mata tabarma, don kowa yana son a tambaye shi lafiyar kajinsa.

Akwai wuri guda da ba ta yin wannan doguwar gaisuwa, rugar su Shafa'atu a bayan Karakkai. Gwaggon Saude, ƙanwar mahaifinta, Bafulatani ta aura, ita ta haifi Shafa'atu. Ke nan taubasai ne, ɗiyar namiji da ɗiyar mace, kuma tsakanin taubasai zagi ne sallama. Shafa'atu ta auri Jibo, makiyayi mai ɗan noman dawa a gefen ruga. Tun daga nesa in ta hango Saude tafe, sai ta ɗaga murya.

"Ku rufe ƙoren nono, ga daddawa nan tafe da ƙafarta."

"Baiwa, zo karɓi takalmin uwargijiyarki."

"Uwargijiya mai faso har gwiwa? Jefa shi can, karnuka ma ba su so."

Haka za su yi ta yi har a dama fura a shanye. Wanda bai sani ba sai ya ce yau za a raba su da sanda. To amma Shafa'atu mace ce mai kunyar nan ta Fulani wadda ta fi ƙarfin hawaye. Ta haihu ba a ji nishinta ba, ta binne ɗiya ba a ga ruwan idonta ba, sunan mijinta ma bai taɓa fita bakinta ba. Duk abin da ke cin ta sai ta adana shi har Saude ta zo. Sai zagi ya ƙare, sun koma bayan bukka suna tsince wake, sannan muryarta ta yi ƙasa, maganar ta fito a hankali kamar mai warware ƙulli. Ba a yi mata gaggawa. In ka ce mata "sai me?" kafin ta numfasa, ta rufe ke nan. Duk duniya Saude kaɗai ta iya jiran nan.

Shekaru suka tura. Gwiwa ta fara yi wa Saude gardama, hanya kuma ta lalace yadda kowa ya sani, har mai shiga motar Tsafe yakan nemi gafarar iyalinsa kafin ya fita. Ɗanta Mannir, mai kabu-kabu, ya sayo mata ƙaramar waya mai tocila, ya nuna mata kore na ɗauka, ja na kashewa, ya jera mata mutane yadda za ta gane kowa da wurinsa. Aikin kai labari ya koma kunne. Ba ta so ba, amma ta saba. A lokacin kowa kuɗinsa ɗaya a wajen kati, don haka kowa rabonsa ɗaya a wajen Saude: gaisuwa daidai gwargwado, labari, addu'a, a kashe. Shafa'atu ma tana samun ɗan zaginta.

Layi biyu ne dangin suka rabu a kai. Mutanen Gusau da Tsafe da cikin garin Bungudu suna kan wanda Saude take, ita tana ce masa layin birni. A rugar su Jibo wannan layin ko motsi ba ya yi. Ɗayan ne ke kamawa, shi ma sai an hau wani tudu, shi ya sa take ce masa layin tudu. A can Jibo ke rataye wayarsa a reshen kirya. In ta yi ƙara, wanda ke kusa ya ɗauka ya ce a sake kira, ya ƙwala wa Shafa'atu, ita kuma ta ajiye abin da take yi ta hau tudun.

Wata rana Mannir ya shigo da fara'a, ya ce kamfanin layinsu ya fito da garabasa. Ka sa ɗan kati kaɗan, ka yi ta magana mako guda ba a taɓa maka komai.

"Da kowa?" in ji Saude.

"Da duk wanda ke layinmu, Inna."

"Wanda ba ya ciki fa?"

"Shi kam yadda aka saba. Katinki zai ci."

Ta ce to, Allah ya saka musu. Wa zai ga banza a ƙofar ɗakinsa ya tsallake?

Sati bai zagayo ba gaisuwar Saude ta dawo da tsawonta na da, har ta fi. Kaji suka dawo, akuya ta dawo. Wadda ta fi kowa cin moriya ita ce Hajiya Amina ta Tsafe, faccalarta, matar wan marigayi Mas'udu. Mata biyun nan tun suna amare jininsu bai haɗu ba. Hajiya Amina irin matan nan ne da in ka ce kanka na ciwo za su ce nasu tun jiya yake tsagewa. Amma tana kan layin birni, kuma tana da baki, kuma ba ta da aiki. Sai ga shi kullum bayan azahar waya na manne a kunnen Saude, tana juya kalwa da hannu ɗaya, suna tankaɗe mutanen Tsafe gida-gida. In Mannir ya yi tsiya, sai ta ce ai asara ce a bar abin ya ƙone ba a ci ba.

Kiran Karakkai kuwa ya zama kamar taɓa tukunya mai zafi. Ba wai katin ya ƙara tsada ba ne. Yana nan yadda yake. Amma wanda ya saba sha a rafi, in ya zo sayen ruwa sai ya ga kamar jininsa ake zuƙa. Tana danna lambar Jibo, zuciyarta ta fara lissafi.

"Shafa'atu, kuna lahiya? An haihu gidan Abdulaziz, mace, suna Laraba."

"Ke 'yar Haɓe, mi ya biyo ki? Kura ko mai bin bashin kalwa?"

"Kati ne, kati. Ki gaida Jibo."

Sai ja. Matar da ta bar nono a kan wuta ta hau tudu, hawan ya fi maganar tsawo. Da fari Shafa'atu takan jefo zaginta da sauri ko zai shiga kafin a rufe. Daga baya ta daina jefowa. Ta koma "to, madalla, Allah ya raya."

Kada a ce Saude ba ta lura ba. Ta lura, kuma abin ya dame ta, har ranar wata kasuwa ta sa Mannir ya sauke ta a shagon kamfanin. Ta tarar da wata yarinya mai suna Mansura a bayan tebur, ta ɗora rigar kamfani a kan hijabi. Saude ta gaishe ta har ta tambayi iyayenta, sannan ta ajiye wayar a gabanta.

"Ɗiyata, mutum ɗaya nake so ku sa mini cikin alherin nan naku. Ku cire Tsafe duk da mutanenta, ku sa mini Karakkai."

"Inna, ba a yin haka. Garabasar ta 'yan layinmu ce."

"Ni 'yar layin wa ce?"

"Namu."

"To ai ni ke magana. Bakin naku ne. Kunne kawai na aro a waje."

Mansura ta yi dariya, ba ta raini ba. Ta ce in kira ya fita zuwa wani layi, sai kamfaninsu ya biya wancan kamfanin, shi ya sa. Ta ce a kawo matar su yi mata sabon layi kyauta.

"Layin naku ya san hanyar rugarsu? Ko kan rimi ka hau da shi, barci yake."

"To ki yanki irin nata, Inna. Wataƙila su ma suna da tasu garabasar."

Mannir ya je ya tambayo. Ba su da ita. Don me za su yi? Gyara ai don mai iya tsallakawa rumfar gaba ake yin ta. Mutumin da ke da rumfa ɗaya tal a ƙauye ba ya ƙara wa kowa ko ƙwayar gero. Mutanen birni kamfani biyu ke zawarcinsu, shi ya sa ake yi musu kyauta. Mutanen tudu an san ba su da wurin zuwa. Su ne masu nisa da asibiti, su ne masu kwana da kunne ɗaya a buɗe, su ne suka fi kowa bukatar a kira su, kuma su ne kiransu ya fi nauyi a hannun mai kira. Saude ta faɗi wannan duka a kan babur, a bayan Mannir, har da wanda bai kamata a maimaita ba. Ta isa gida, aka yi azahar, Hajiya Amina ta kira, ta ɗauka.

Aka ci damina a haka, aka yi kaka.

Ranar da abin ya faru, tana tsakar gida tana shanya daddawa wayar ta yi ƙara. Mannir ne ya duba ya ce lambar Jibo ce. Mutanen ruga ba su cika kira ba sai dai su yi filashin, don haka ta jira ta katse, ta bi kiran. Muryar Shafa'atu ce, a kwance, babu hawa babu sauka.

"Saude, mai gidan nan ya rigaye mu. Da hantsi aka kai shi."

Saude ta yi salati, ta zauna a kan turmi. Ta ce me ya same shi, ba ta ji yana ciwo ba.

Muryar Shafa'atu ta yi ƙasa, irin ta bayan bukka. Sannan ta fara. Ta ce cikinsa ne ya murɗa tun shekaranjiya, ya hana a faɗa. Da asuba ta ga ba dama, ta sa ɗansu Sabiru ya tayar da babur su kai shi Bungudu. Sabiru a gaba, shi a tsakiya, ita a baya tana riƙe da shi. Ta ce tun da aka ɗaura musu aure ba ta taɓa riƙe shi a gaban mutane ba sai ranar. Ta ce suna gangarawa wani rafi sai ta ji ya ƙara nauyi a ƙirjinta, ya juyo da kansa kaɗan, ya ce mata...

Ta tsaya ta numfasa.

A cikin wannan numfashin bakin Saude ya buɗe da kansa. "To, to, Allah ya jiƙansa, Allah ya ba ku haƙuri. Bari in sanar da mutane." Babban yatsanta ya sauka a kan ja.

An riga an binne mutum, babu jana'izar da za a makara. Kati kuwa jiya-jiya Mannir ya sa mata, ko taɓa shi ba ta yi ba. Babu abin da ya kore ta. Sabo ne kawai, turken wawa. Yatsan ya koyi cewa wannan lambar ba a daɗewa a kanta, kuma yatsa ba ya tambayar wa ya mutu.

Ta ɗan zauna da wayar a hannu, wani abu na yi mata susa a zuciya. Ta ce bari ta gama da mutane ta sake kira a natse. Ta sanar da Nahuce, ta sanar da Bungudu. Da ta zo kan Tsafe, Hajiya Amina ta ce "wayyo, Jibo mai kawo mana man shanu," sai kukan da ke maƙale ya ɓalle wa Saude. Ta yi kuka sosai, na gaskiya. Ta tuna yadda Jibo ke raka ta har bakin hanya da sandarsa a kafaɗa, yadda yake yin kamar bai ji zagin da suke yi ba alhali gemunsa na rawa. Ta faɗi duk wannan a kunnen Tsafe har aka kira la'asar. Da ta nemi Karakkai daga baya, wayar na ta ƙara a reshen kirya, babu kowa a tudun.

Ranar sadakar uku ɗan Hajiya Amina ya ɗauko uwarsa a mota, suka biyo ta Gusau suka ɗauki Saude. Suka tarar da Shafa'atu a cikin bukka, ta shiga takaba, mata zagaye da ita. Aka yi gaisuwa, aka yi addu'a. Hajiya Amina, wadda shiru ke yi wa ƙaiƙayi, ta ga ya kamata ta faɗi abin da zai sanyaya zuciya.

"Ai Shafa'atu, wagga 'yar'uwa taki ta ji mutuwar nan. Tun azahar har la'asar muna waya ranar, kuka take, na rasa yadda zan yi da ita. Na ce Saude, ki bar wa matarsa wani abu mana."

Ba da mugunta ta faɗa ba, wannan karon. Shafa'atu ta ɗago ta dubi Saude, kallo ɗaya, ba mai zafi ba. Ta mayar da idonta kan tabarma.

"Allah ya ba da lada," in ji ta. Ta juya ga surukarta, matar Sabiru. "Khadija, kawo wa Yaya Saude fura. Ki sa mata a sabon kwano."

Tun suna tsirara a rafin Nahuce ba ta taɓa ce mata Yaya ba. Da mari ta ɗauke ta da shi da ya fi sauƙi.

Da mota za ta tashi Saude ta ce su tafi, ita tana nan. Ta kwana, ta ƙara kwana, har ta daina ƙirgawa. Ta yi shara, ta yi daka da gwiwar da ba ta so, ta tsince wake a bayan bukka ita kaɗai. Ba a wulaƙanta ta ba ko kaɗan. Ita ake fara zuba wa tuwo, ita ake ba shimfiɗa mai laushi. Kowace safiya Shafa'atu na gaishe ta gaisuwa cikakkiya, kwana, gajiya, baƙunta, gwiwa. Sau ɗaya Saude ta gwada sa'arta.

"Baiwa, wanga nono naku ruwa ya fi yawa."

"Ayya. Khadija, canza wa Yaya."

Wata yamma da suka rage su biyu, Saude ta ce, "Shafa'atu, ranar nan kina ba ni labari na katse ki. Ban da hujja. Kin ce ya juyo ya ce miki wani abu."

Shafa'atu ta daɗe tana murza carbi. Saude ta jira, jira irin na da, ko numfashi mai ƙarfi ba ta yi ba.

"Ya wuce," in ji Shafa'atu. "Ranar ce nake da bakin faɗa. Ba fushi nake ba, Yaya. Na neme shi ne yanzu na tarar ya koma ciki."

Ragowar labarin a bakin Khadija ta ji shi, a dunƙule: kafin su kai kwalta rai ya yi halinsa, suka juyo da shi. Abin da ya faɗa kuwa Sabiru ma bai ji ba, iska da ƙarar babur sun hana.

Da Mannir ya zo ɗaukarta, Shafa'atu ta rako ta har iyakar inda mai takaba ke tsayawa, ta miƙa mata ƙwaryar man shanu ɗaure da tsumma, tsarabar baƙo. Saude ta ɗaga ƙafa za ta hau babur, gwiwa ta ƙi, ta sake ɗagawa, zane ya harɗe, ta yi tangal-tangal ta rungume Mannir kamar buhun da aka ɗaure da igiya ɗaya. Ta waiga. Gefen bakin Shafa'atu ya motsa, maganar ta zo har leɓe, Saude ta gan ta da idonta, ta tsaya da ƙafa ɗaya a sama tana jira. Shafa'atu ta haɗiye.

"Ku sauka lafiya. A gaida gida."

Bayan ta fita takaba, Sabiru ya tattara shanun da suka rage ya yi kudu da iyalinsa, da uwarsa, can wajen jihar Neja inda suka ji an fi samun kwanciyar hankali. Wayar Jibo tana hannun Shafa'atu yanzu, kuma inda suke ba sai an hau tudu ba.

Saude tana nan Tudun Wada, ƙafar ta zauna, daddawar na fita. Garabasar ma an daɗe da janye ta, an kawo wata, an janye. Duk ranar Juma'a takan ware ribar daddawa ta ba Mannir ya sayo kati, ta shiga ɗaki ta sa a rufe mata ƙofa, ta kira. Takan ɗora wayar a kan cinya, ta zauna a kan hannunta na dama, mai yatsan nan. Shafa'atu na ɗauka kullum. Tana amsa kwana, tana amsa gajiya, tana faɗin lafiyar Sabiru da Khadija da shanu da ruwan can. In gaisuwa ta ƙare Saude takan yi shiru ta bar mata fili. Su ɗan jima a haka, kowa na jin numfashin ɗan'uwansa. Sannan Shafa'atu ta ce, "To Yaya, kada katinki ya ƙare," ta kashe.